Na Yi wa Inna Alkawari, Ga Kuma Teku a Gabana

Malama Zaituna, don Allah ki taimake ni, murna ta hana ni zama wuri ɗaya, ga kaina ya ɗaure. Ni ɗan Ruwan Bago ne, bana na gama kwalejin horon malamai. Yayana Muntaka yana koyarwa a tsibirin Zanzibar, shi ne ya aiko mini da tikiti in je hutu. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba! Sau goma nake ciro fasfo ɗina a rana in kalla. Har shanunmu na gaya wa. Da ma ni da abokaina mun ɗauka tsibiri yawo yake a kan ruwa kamar ƙwarya, sai da Yaya ya aiko hoto muka ga gidaje da motoci da masallaci.

Ga damuwata. Inna ba ta amince ba sai da na yi mata alkawarin ba zan shiga jirgin ruwa ba, domin ƙanenta a kwale-kwale ya rasu tun ba a haife ni ba. Na amsa da sauri, a zatona jirgin sama zai sauke ni a ƙofar gidan Yaya. Jiya sai ga wasiƙarsa: a birnin Darussalam da ke bakin teku zan sauka, sauran tafiyar a jirgin ruwa ne. Abokina Sulle ya ce in ja bakina, ai ba mai gaya mata. Ni kuwa ba tsoro nake ji ba. Tun ina ƙarami nake tsallake rafi riƙe da wutsiyar saniya, na san in ba a yi hadari ba ruwa ba ya ƙaruwa. Saura mako biyar. In yi shiru ne, ko in haƙura da tafiyar?

Mai Zumuɗi, Ruwan Bago

Ɗana Mai Zumuɗi, barka da arziki! Wallahi ina karanta wasiƙarka ina dariya, har na ji kamar in ɗauko jakata in bi ka.

Amma kada ka yi shiru. Tsoron Inna ba na rashin sani ba ne, ruwa ya taɓa cinye mata ɗan'uwa. Kai ma ba ka yi laifi ba, ka yi alkawari ne ba ka san hanya ba. Laifin zai fara ne ranar da ka taka jirgin a ɓoye, kuma hutun ba zai yi maka daɗi ba.

Akwai ƙaramin jirgin sama da ke tashi daga Darussalam zuwa tsibirin, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Rubuta wa Muntaka yau ya bincika. In bai samu ba, gaya wa Inna cewa na ruwan ba kwale-kwale ba ne, babba ne mai inji da kujeru. In ta sake ka daga alkawarin, shiga wanda bai cika maƙil ba, ka nemi rigar hana nutsewa tun kafin a tashi.

Wajen sanin ruwa kuwa, a nan na fi ji maka tsoro. Teku ba ta jiran hadari. Sau biyu a kowace rana takan ja baya, ta bar fili fetal har ka ji sha'awar takawa, sannan ta dawo da sauri alhali sama garau. Kada ka duba sama, tambayi masuntan wurin. Kada kuma ka shiga iyo kai kaɗai.

A cikin gari, motocinsu hannun hagu suke bi, saboda haka dubi dama kafin ka tsallaka titi. Kada ka hau motar haya da ake lilo a bayanta. Ka yi allurar rigakafin cutar shawara tun a Kano, ka riƙe katin tare da fasfo, ka tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Gobe da hantsi, bayan an gama tatsa, zauna kusa da Inna ka karanta mata wasiƙar Yayanka daga farko har ƙarshe. Bar ta ta yi tambayoyinta, kada ka katse ta. In ta ce sai jirgin sama, jira na saman, ko da hutun zai ragu. Gwada ka gani. Allah ya sa ta sa maka albarka, ya kai ka lafiya, ya dawo mata da kai lafiya.

Malama Zaituna