Gawo Uku da Aka Shafa wa Jan Fenti

Zuwa ga Mai Girma Darakta na kamfanin da ke gina sabon biro, wato ofis, a Koira Kano, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da gajiyar aiki, ni ne Illa mai awaki, wanda bukkarsa ke jingine da shingen wayar da kuka ja. Na san zamanin kaki ne, baki ya fi lafiya in yana rufe. To nawa ya ƙi rufuwa, shi ya sa na sa aka rubuta maka.

Fari ne ya koro ni daga wajen Dogon Dutsi. Shanuna suka zube a hanya ɗaya bayan ɗaya, na iso garin nan da awaki huɗu, kuma nononsu ne abincin jikokina. Abin da ke riƙe da awakin nan da rani shi ne ganye da ƴaƴan itatuwan gawo uku da ke cikin filinku. Ga kukana:

1. An karanta mini allon da kuka kafa a bakin hanya. Wai ginin ba zai cuci ƙasa ba: bangon laka mai kauri, tagogin da iska ke ratsawa, babu injin sanyi, inuwa ta ko'ina. Madalla! Kakana ma haka ya gina ɗakinsa, bai je Faransa ba, ba a kuma kafa masa allo ba.

2. Anasaran da ya zana ginin ya zo da tsakiyar damina, ya kwana biyu. Ya zaga filin da babbar hularsa, ya ga kowane icce kore shar, gawo kuwa tsirara, ko ganye ɗaya babu. Sai ya ce sun mutu, ya sa aka shafa musu jan fenti don a sare. Ranka ya daɗe, gawo ai haka halinsa yake! Da damina yake zubar da ganye, sai kowa ya bushe shi kuma ya yi kore. Ko akuyata ta san wannan, ita da ba ta taɓa shiga lakwal ta yi karatu ba.

3. Na je wurin shugaban leburorinku. Ɗan ƙauye ne kamar ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama sai ya ce takarda ta riga ta sha hatimi, wani mai anini a kafaɗa ya sa hannu, shi kuma yana da iyali. Na koma washegari, sojan bakin ƙofa ya nuna mini hanyar gida da bakin bindiga. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji haushi.

4. An ce a gurbinsu za ku dasa furanni da ciyawar ado, a riƙa shayar da su da tiyo safe da yamma. Da wane ruwan? Je ka Gamkalley da rani ka ga masu lambu suna bin kogi da gwangwani, shi kuma yana ja da baya. Kullum rediyo na cewa kowa ya dasa icce. Bara reshe ɗaya na karyo wa awaki, masu tsaron daji suka sa ni tsallen kwaɗo a gaban surukina. Ku da za ku kayar da uku ɗungurungum, tsalle nawa ke kanku?

Roƙona kaɗan ne. An ce ranar Litinin masu gatari za su zo. Don Allah ka dakatar da su har a gama yankan hatsi. Ka zo da kanka, ko ka leƙo ta gilashin mota, ba sai takalminka ya taɓa ƙasa ba. In itatuwan ba su yi ganye ba, ni da hannuna zan sare su, ba sai kun biya kowa ba. In sun yi, gininku ya samu inuwa a watannin da ake neman ta, ni kuma a bar ni in riƙa tsintar abin da ya faɗo.

In kuwa Litinin ɗin ce dai, to ka aiko kamiyo biyu, ɗaya ya kwashi itacen, ɗaya ya kwashi awakin. Na riga na tsaya a kan dabbata tana mutuwar yunwa, ba zan iya sakewa ba.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka da sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Illa mai awaki,
bayan shingenku.