Ba Kogin Yawuri Ba Ne

Juma'a da dare, Bin Omran

Yau muka gwada a teku ƙaramin jirgin kamun kifin da kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya saya. Ni ya bar wa shirin, tunda ya ji ɗan masunta ne ni daga Yawuri. Na loda taru, igiya, rigunan ceto da doguwar gora, don wurin ba zurfi.

Da rana ta take ya ce, "Yalla Isiyaku, miƙo ruwa."

Babu. Ko a raina bai zo ba. A gida hannu kawai mutum yake zurawa a kogi ya sha.

Bai yi faɗa ba, ya ce mu juya. Wai gobe direban maƙwabcinsa ne zai raka shi.

A hanyar dawowa na kamfaci tekun na kai baki. Har yanzu gishirin bai bar harshena ba.