Ina Gudun Tumbi, Firij Ya Kuɓuce Mini a Matakala

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kada ki ajiye wasiƙar nan a gefe. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ki yi haƙuri idan na yi ta kwana-kwana, kaina ne ba a daidai yake ba.

Shekarata arba'in da ɗaya. Aikina kwashe kaya: idan mutane za su tashi daga wani gida su koma wani, mu ake kira. Kujeru, gadaje, injin wanki, duk a kafaɗarmu suke sauka, wani lokaci daga hawa na huɗu. Shekara goma sha uku ke nan ina wannan aiki. Wanda ya ji haka sai ya zaci jikina a murɗe yake. Ina! Tumbi gare ni, irin wanda sai na riƙe numfashi kafin in ɗaure takalmi. Abokan aiki Ciyaman suke ce mini, wai tumbin manya ya iso, mota ce ta makara a hanya. Da dariya nake yi.

Babanmu ciwon suga ne ajalinsa. Da yatsa aka fara, daga baya aka yanke ƙafar daga gwiwa. Shekara biyu ni nake ɗaukarsa zuwa banɗaki, yana kawar da kai don kunya. Kuma duk gidanmu ni na ɗauko jikinsa sak. Wata biyu da suka wuce na je asibiti saboda yawan ƙishirwa, aka gwada jinina. Likita ta ce ban shiga ba tukuna, amma ina bakin ƙofa, dole in rage ƙiba, musamman ta ciki. Na hau sikeli, kilo ɗari da huɗu. Wallahi sauran bayanin da ta yi ban ji ba, bakinta kawai nake kallo. 'Ya'yana uku, duk mata, ƙaramar ko makaranta ba ta fara ba.

Tun daga ranar na ɗaura yaƙi da abinci. Da safe ruwan shayi kawai, ba sukari. Abincin da mai ɗakina take zuba mini a kula, maigadin wurin aikinmu nake miƙa wa. Ita kuwa da ta ga kula tana dawowa fes, sai ta ƙara yawan abin, wai aiki ya yi mini yawa. Maigadi har kumatu ya yi. Da yamma in ɗan taɓa loma huɗu in ce na ƙoshi a waje. Na kuma cika gwangwanaye biyu da siminti na soka musu ƙarfe, ina ɗagawa kullum kafin in fita, don ina so kitsen ya tafi, tsoka ta zo. Na kalli bidiyo a waya har idona ya gaji. Wannan ya ce kada ka ci komai sai la'asar, wancan ya ce ka ci sau shida, wani ya ce sai ka sayi garin gina jiki da yake sayarwa. Dukkansu a kujera suke wuni, su motsa jiki awa ɗaya. Ba wanda ya yi maganar mai ɗaukar kaya awa goma.

Cikin mako biyar na zubar da kilo bakwai. Amma Anti, tumbin yana nan daram! Damtsena ne ya zube, wuyana ya rame, kafaɗa ta zama ƙashi. Jiri ya fara ɗibata. Na zama mafaɗaci, har na daka wa ƙaramar 'yata tsawa don ta hau bayana, abin da kullum take yi.

Sai ranar Talatar makon jiya. Akwai abokin aikina, Dogo, shekara goma sha ɗaya muna kama kaya tare, ko magana ba sai mun yi ba, ya san numfashina na san nasa. Muna sauko da wani ƙaton firij mai ƙofa biyu daga hawa na uku, matakalar ƙunci gare ta. Shi yana ƙasa, ni ina sama riƙe da igiya. Daidai kwana sai na ga duhu. Ban saki ba, wallahi ban saki ba, yatsuna ne suka buɗe da kansu. Firij ya sulale ya danne masa ƙafa a jikin bango. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Ƙashi biyu suka karye, an ɗaure ƙafar, likita ya ce aƙalla wata biyu ba aiki.

Da maigidanmu ya tambayi yadda aka yi, Dogo ya ce shi ne ya yi tuntuɓe. Ya faɗa yana kallona. Ya san hannuna ne, amma bai san dalili ba, kuma bai tambaya ba. Ina zuwa duba shi, yana tsokanata kamar kullum. Matarsa ta kawo mini ruwa tana godiya, wai ni ne aboki na gaskiya. Na karɓi ruwan na ajiye, ban iya sha ba.

Tun ranar kuma na koma ci kamar mahaukaci, kilo uku sun dawo. Idan na ci, ƙafar Baba nake gani. Idan na ƙi ci, ƙafar Dogo nake gani. Shin mai irin aikina zai iya rage kitse ƙarfinsa bai tafi ba? Ko in bar aikin? Ban iya komai ba sai shi. Mai ɗakina ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ki gaya mini abin yi, na rasa inda zan sa kaina.

Naki,
Ciyaman Marar Mota

*

Ƙanena, sannu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma amsar tambayarka ta farko ita ce e, ana iyawa. Kada ka bar aikinka.

Tsoronka yana da tushe. Wanda ya yi jinyar mahaifi irin wadda ka yi, dole maganar likita ta gigita shi, kuma gara kai da ka motsa da wanda ya toshe kunne. Amma hanyar da ka bi ba ta da kyau ko kaɗan. Jikin da ake sa wa aikin awa goma ba a ba shi abinci, naman kansa yake ci. Kilo bakwai ɗin nan yawanci ruwa ne da tsoka, shi ya sa damtse ya tafi ya bar maka tumbi.

Kafin ka sake kama wani kaya mai nauyi a bene, ka koma wurin likitar nan. Ka gaya mata komai, har duhun da ka gani, ta sake gwada suga da hawan jini. Ka tafi da mai ɗakinka, ta ji abin da kunnenka ya kasa ɗauka. Ita ke riƙe da tukunya, ba za ka gyara cinka a bayan idonta ba. Za ta yi fushin kular nan, kuma tana da gaskiya. Ka bari ta yi, zai wuce.

Batun ci kuwa, ka karya kumallo sosai, ka ci na rana, duk ran da za ka yi aiki. Kowane ci ya kasance da abin gina jiki: ƙwai, wake, kifi, nama ko madara, da ganye mai yawa. Ragin a wani wuri za ka yi shi. Ba ka faɗa ba, amma na san masu aikin ƙarfi: lemon kwalba uku ko huɗu a wuni, shayi mai cokali biyar na sukari, soye-soyen bakin hanya, sannan tulin abinci da yamma a kwanta a kai. Nan tumbin yake. Ka mayar da lemo ruwa, ka rage kashi ɗaya cikin huɗu na shinkafa ko burodin yamma. Rabin kilo a mako ya isa. Ka riƙa auna ƙugunka da tef ɗin tela duk mako biyu, don sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka.

Gwangwanayenka kuma ka daina ɗaga su kullum kafin aiki, gajiya kake kai wa matakala. Sau biyu a mako, minti ashirin, bayan an tashi daga aiki ko ranar hutu, ya wadatar. Tsoka a lokacin hutu da barci take ginuwa. Kada ka sayi garin kowa.

Saura Dogo. Ba da gangan ka yi ba, wannan gaskiya ne. Amma ka hau bene da yunwa, wani yana ƙasanka, wannan ma gaskiya ne. Mutumin da ya rufa maka asiri da karyayyar ƙafa ya cancanci ya ji dalili daga bakinka. Ka je ku zauna ku biyu, ka faɗa masa, ka nemi gafararsa. Ku yanke tare ko za a gyara maganar a wurin maigidanku, musamman idan hakan zai shafi haƙƙinsa na jinya. Kafin ya warke, ka tsaya wa gidansa da abin da za ka iya, ko cefane ne ko kai yara makaranta.

Likita ta ce bakin ƙofa kake, mutane da yawa kuma daga nan suke juyawa. Ka ba kanka wata shida, ba mako biyar ba. Gobe da safe ka zauna ka ci abincinka a gaban iyalinka, sannan ka fita.

Allah ya ba Dogo lafiya, ya jiƙan Baba, kai kuma ya ƙara maka ƙarfi da kwanciyar hankali.

Antinku