Kumburin Ummaru Ba Ƙiba Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Di'o,
Mai Kula da Ƙasar Sakkwato.

Daga Malam Sodangi ɗan Husaini,
Malamin allo, Shagari.

Litinin, 15 ga Maris, 1943.

GAME DA: Sa ƙanena Ummaru na Lambara cikin masu tafiya aikin tilas na haƙar kuza, alhali yana da ciwon zuciya.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, amma wannan karon shiru ba zai yiwu ba.

1. Ran Litinin, 8 ga wannan wata, jakadan da aka turo ɗiban ma'aikata ya tara mazan Lambara a gindin tsamiya. Ido kawai ya sa. Ya ƙyale ramammu, ya nuna Ummaru, wai ga ƙato ya ci gero ya yi bul-bul. Ranka shi daɗe, wane gero? Ruwa ne ya cika shi tun daga sawu har ciki. Mu nan in mutum ya cika sai a ce hutu ne, har barka ake yi masa.

2. Bara da kaka ni na kai shi Sakkwato a kan jaki. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya shaida mana zuciyar ce ta gaza, ya hana shi gishiri da kanwa da ɗaukar kaya. Bana bai ja jigon ban ruwa ko sau ɗaya ba, albasarsa ta ƙone a fadama yana kallo. Ba ya iya kwanciya, sai ya jingina da rumbu yana haki har gari ya waye. Tsakanin gidansa da masallaci sai ya tsaya ya dafa bango.

3. Ran Alhamis, 11 ga wata, aka kai su Boɗinga domin a duba lafiyarsu. Malamin da aka turo bai tashi daga kujerarsa ba. Aka ce su buɗe baki, su ɗaga hannu, shi ke nan, wai kowa lafiya lau, su koma gida su jira ranar tafiya. Na matsa in yi bayani aka kore ni, wai kowa ɗan'uwansa ba shi da lafiya ran ɗiba. To, na yarda akwai masu ƙarya. Amma ƙafar da ta ƙi shiga takalmi ita ma ƙarya take yi?

4. Ciwon nan ba baƙo ba ne gare mu. Tsakanin Shagari da Mandera ni na sallaci gawar masu kumburi da dama, galibinsu mata masu jego, waɗansu magidanta. Yayarmu Atika haka ta tafi, ana ta yaba ƙibarta a gidan miji. Ba mai zuwa ya duba su, sai in ana neman hannun aiki.

5. Ummaru yana da mata, Safinatu, da 'ya'ya ƙanana. Shi ba zai yi ƙorafi ba, kunya gare shi, har ya ɗaure tabarmarsa ya ajiye bakin zaure. Wannan tabarmar ce ta hana ni sukuni. Wallahi tsoro nake ji. Ni na goye shi ran da uwarmu ta rasu.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, kafin motar da za ta kwashe su ta tashi daga Boɗinga ran Litinin, 22 ga wata, a turo wanda zai sunkuya ya danna babban yatsansa a ƙwaurin Ummaru. In ramin ya cike nan take, a tafi da shi, a kuma hukunta ni. In ya tsaya kamar an danna tuwo, a bar mana shi ya ƙarasa kwanansa a gida. Ina kuma roƙon a riƙa yi wa duk wanda aka ɗiba wannan gwajin.

Idan kuwa ba makawa sai ya tafi, to a ba ni izini in shiga motar tare da shi. Ba zan tare wa kowa wuri ba. Ba ni da kaya sai buta da likkafani.

Allah shi ƙara maka imani da adalci.

Ni ne naka mai biyayya,
Malam Sodangi ɗan Husaini, Shagari.