Ranar da Tukur Ya Ta da Surukinsa

Zuwa ga jikata Lami a Kumasi, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara miki lafiya ke da maigidanki da yara, ya sa kasuwar goro ta yi albarka. Mu nan Ƙofar Kware lafiya lau, sai zafi da ciwon gwiwata.

Labarin ƙanenki Tukur zan ba ki, angon nan nawa da ya guje ni ya auri yarinya. Kin san yana cikin masu shimfiɗa wa Turawa bututun ruwa. Kafin a rufe rami sai an toshe bakin bututun, a ɗura ruwa, a yi ta matsa shi da famfo a ga ko yana yoyo. Ya ce mini in toshiyar ta ƙwace tana iya kashe sa, balle mutum, shi ya sa suke kewaye wurin da igiya.

To, ranar gwaji sai ga surukinsa Malam Maigandi ya tsallake igiya ya shimfiɗa buzu a inuwar tsamiya, daidai bakin bututun, wai ya zo ganin aikin mijin ɗiyarsa Binta. Kin san Tukur da kunya, in ya hango malam sauya hanya yake. Bature na jira, leburori sun sunkuyar da kai. Ni ina gefe na ƙi sa baki, ina son in ga ƙarshen abin. Sai yaron nan ya hana a taɓa famfo, ya tuɓe takalmi, ya je ya durƙusa, ya roƙi malam ya tashi. Malam ya naɗe buzu ya fita bai ko dube shi ba, na ce shi ke nan, auren Binta ya shiga uku.

Da anka matsa ruwan, toshiyar ta yi tsalle ta ɓare wa tsamiya ɓawo. Malam na bayan igiya yana kallo. Washegari da sunka koma gwaji, sai ga shi bakin igiya da sandarsa yana korar mutane, har ni ya kora, wai umarnin Tukur ne.

Ki gaishe da maigidanki da Kulu ƙarama. Binta na gaishe ki. Ki aiko mini da goro fari, ba irin na bara ba.

Kakarki,
Lantana