Magaryar Kaka ta tafi a darasin lissafi

Baban Narae,

Na ga ka dawo daga aiki a gajiye, ban tashe ka ba. Na fita kasuwa da yaran neman wata magarya. Shinkafarka da kimci, wato kabejin nan mai yaji, suna kan tebur.

Ka san busasshiyar magaryar da Mama ta aiko daga ƙauye don teburin tunawa da marigayi Babanka yau? To, babu ita. Kai ne ka hana ni sayen kayan ƙirga na yara, wai gida cike yake da abin ƙirgawa. Shi ne na juye ta a tabarma muka fara darasin ɗebewa. Na leƙa kicin, kafin in dawo Narae ta zama malama. Tana ce wa ƙaninta, "Dogyom, in ka cinye biyu, saura nawa?" Shi kuma yana cinyewa don ya tabbatar. Na ce, "Kai! Ta Kakanku ce fa!" Ya dubi hoton Baba, baki cike, ya ce, "Ai Kaka ba shi da haƙora."

Ƙwallayen suna cikin kofin shayinka. Kada ka zubar, da su za mu yi tarawa gobe.

Idan Mama ta riga ni isowa, ka zauna a kan kwandon magaryar, ka ja ta da hira. Na san tana gane magaryar kasuwa tun daga bakin ƙofa. In asiri ya tonu, ta soma zancenta na cewa yaran ba sa koyon komai a gida, ka gaya mata jikanta ya iya ɗebewa har sifili.

Maman Narae