Kwaɗon Ɗakin Inji

Litinin, 1 ga Maris, 1965

An tura ni Bompai, kamfanin matsar man gyaɗa. Yajin aiki. Rikici na takwas ke nan da za a ba ni tun da na fara aikin sulhu a ofishin ƙwadago, kuma bakwai ɗin farko duk na kashe su ba tare da ko ɗaya ya kai Kaduna ba. Malam Abdullahi, babbanmu a ofis, ya ce in na kashe wannan, maganar ƙarin girmana ta gama zama. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Abin da ya faru: a kamfanin nan, da leburori sun shiga ɗakin inji sai a garƙame ƙofar da kwaɗo daga waje, wai don kada a saci mai. Ranar Asabar bututun tururi ya fashe. Mai riƙe da makulli ya tafi ofis kai saƙo. Mutum tara a ciki suna dukan ƙofa. Wani Lawan shi ne kusa da bututun, jiya ya cika.

An nuna mini ƙofar ta ciki. Fatar tafin hannu a manne jikin ƙarfe. Na fita na yi amai a bayan buhunan gyaɗa, Allah Ya sa ba wanda ya gan ni.

Da zan hau keke aka jefo dutse, ya sami laka-laka, murfin tayar keken. Ban waiwaya ba.

Talata, 2 ga Maris

Na gana da mai magana da yawunsu, Baba Shu'aibu. Dattijo ne, shekara goma sha ɗaya yana kula da tukunyar tururi, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Malam Inuwa, ba mu zo da dogon lissafi ba. Abu ɗaya ne. A cire kwaɗo."

Akwai wani Bala a bayansa, ƙato, ɗan uwan mamacin, guduma a hannu tun daga farkon zama har ƙarshe. Na ce ya ajiye. Ya dube ni kamar na roƙe shi 'yarsa.

Gobe ɗaki biyu. Haka Malam Abdullahi ya koya mini, haka kuma nake cin nasara: kada ka haɗa masu husuma wuri ɗaya. Wannan a ɗakinsa, wancan a ɗakinsa, kai ne mai kai magana da komowa. In an ba ka magana da zafi, ka fifita ta a hanya kafin ka miƙa.

Laraba, 3 ga Maris

Manaja, wani Bature, a ofishinsa, fanka na juyawa. Leburori a rumfar awo, rana na dukan kwano. Taku sittin da biyu ne tsakani, na ƙirga, don sau shida na yi zirga-zirgar.

Bari in rubuta abin da aka faɗa na gaskiya, ko don kaina.

Manaja ya ce: muddin yana kamfanin nan kwaɗo na nan. Ya ce ɓarayi ne dukansu, in an buɗe ƙofa mako guda sai su kwashe har injin. Ya ce mutuwar haɗari ce, kuma wanda bai dawo aiki ran Litinin ba ya ɗauka an kore shi.

Abin da na kai rumfa: Manaja ya yi juyayin rasuwar ƙwarai, yana son a koma aiki ran Litinin, maganar kwaɗo kuma tana kan tebur.

Bala ya ce, "Ka gaya masa in muka sake ganin kwaɗon nan, da shi da kamfanin toka za su zama." Mutane suka ɗauka da ihu.

Abin da na kai ofis: mutanen suna cikin jimami, suna roƙon a duba musu, kuma a shirye suke su dawo.

Manaja ya yi murmushi, ya ce ya san za su sauko. A rumfa kuma Baba Shu'aibu ya ce, "Alhamdulillahi, ashe yana da kunne." Kowa ya tashi yana ganin ɗayan ne ya sassauto. Haka ake yi. Sauran aikin nawa ne, kafin Litinin zan shawo kan Manaja.

Alhamis, 4 ga Maris

Kamfani ya kawo sababbin masu gadi, cike da mota, kowa da gora. Sun fasa wa wani lebura kai don ya zauna a gindin katanga. Ban kai wa kowa wannan maganar ba.

Juma'a, 5 ga Maris

Bayan an sauko daga masallaci Baba Shu'aibu ya tare ni. Ya riƙe mini kan keke. Ya ce, "Malam, kai ka shiga ɗakin, mu ba mu shiga ba. Tsakaninka da Allah, za a cire?"

Me zan ce? Mutum ɗari biyu a bayansa, ga gorori a bakin ƙofa. In na ce a'a, jini zai zuba kafin la'asar. Na ce, "In Allah Ya so, Baba, ran Litinin ba za ku ga kwaɗo ba."

Ya hau kan duro ya yi musu magana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai yau. Ya ce a koma aiki Litinin, ya ce mutumin gwamnati ya ba shi magana kuma shi ya karɓa. Bala ya ce, "In fa muka tarar da shi?" Baba ya dafa wuyansa ya ce, "To ku fara da ni."

Amma ina da kwana biyu. Na taɓa juya wanda ya fi wannan Manajan taurin kai cikin wuni ɗaya.

Asabar, 6 ga Maris

Manaja ya tafi Jos. Akawunsa ya ce sai Litinin da safe. Na ce a buga masa waya, ya ce ba a san masaukinsa ba. Ƙarya yake, daga idonsa na gani. Ni ma dai wa nake zagi.

Lahadi, 7 ga Maris

Na je gidan Manaja a Nassarawa ko Allah zai sa ya dawo. Kuku ya leƙo ta shingen waya, kare na haushi. Babu.

Daga nan na kama hanyar Gwagwarwa, unguwar su Baba Shu'aibu, da niyyar in faɗa masa komai. Har na hango ƙofar gidan, yana zaune kan tabarma yana gyaran takalminsa na aiki. Na tsaya a bakin kwata. Na ce wa raina, in na faɗa yanzu sulhu ya rushe, an aika rikici Kaduna, sunana ya shiga cikin waɗanda suka kasa. In na yi shiru, mai yiwuwa in tare Manaja da sassafe kafin jiniya. Na juya keke.

Matata Amina ta ce me ya sa ban ci abinci ba. Na ce zafi ne. Matar nan ba ta yarda ba, amma ta ɗauke kwanon.

Rana ba ta ƙarya.

Litinin, 8 ga Maris

Bari dai in rubuta.

Na isa tun kafin jiniya. Manaja bai iso ba, amma ya bar umarni. Kwaɗo yana nan, kuma an ƙara na biyu, sabo fil, babba, a sama da na farkon. Shi a ganinsa ai mutanen sun sauko, na gaya masa da bakina.

Suka shigo a jere, Baba Shu'aibu a gaba, wasu har da 'yar dariya. Na ga lokacin da idonsa ya sauka kan ƙofar. Ya juyo yana nemana cikin jama'a, ni kuwa ina gefen buhuna, na yi kamar ina duba takarda.

Wani ya ce, "Biyu ne!" Shi ke nan.

Bala ya zaro guduma daga cikin riga, ya kai wa kwaɗon sara. Masu gadi suka yo kansa. Na ji ƙarar gora a bayansa kamar ana bugun dawa, bai faɗi ba, ya juya ya sami ɗaya a gwiwa, mutumin ya zube yana ihu, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwasa. Sai duwatsu. Sai guntayen ƙarfe. Wani ya tuntsurar da duron mai, ƙasa ta yi santsi, mutane na faɗuwa kan juna ana tattaka su. Wani mai gadi ya zare adda. Na ga kunnen mutum a ƙasa cikin man gyaɗa.

Baba Shu'aibu ya shiga tsakiya, hannu biyu a sama, yana cewa, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya, a kira Malam!" Ni yake nufi. Taku goma ne tsakanina da shi.

Sai aka fara daga baya: "Ya sayar da mu! Tsohon nan ya ci kuɗin Bature!" Dutsen da ya same shi a ido daga ɓangaren mutanensa ya fito. Ya durƙusa. Gorar da ta sauka a haƙarƙarinsa ta masu gadi ce. Sau uku. Kowane ɓangare ya sami rabonsa a jikinsa.

Da na buɗe baki na ce ni ne, ni na faɗa masa, da wataƙila... Ban buɗe ba. Na kwanta a bayan buhuna, na rufe kai da jakar takardu, har 'yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa.

Mutum goma sha huɗu a asibiti. An tattake kekena, ƙafa na tako har gida.

Talata, 9 ga Maris

Na wanke rigar sau biyu da kaina. Man ya ƙi fita.

Laraba, 10 ga Maris

Na gaya wa Malam Abdullahi duk yadda aka yi, abin da aka ba ni da abin da na kai. Ya ce, "Inuwa, cewa na yi ka rage gishiri, ban ce ka sake miya ba." Sannan ya ce abin da ya wuce ya wuce, in rubuta a rahoto cewa an sami rashin fahimta tsakanin ɓangarorin biyu. Ba wanda ya shiga ɗakunan nan biyu sai ni, ba wanda zai ƙaryata.

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi, tsaf. Ban taɓa yin rahoto mai kyansa ba.

An ce jiya an je gidan Baba Shu'aibu an farfasa tukwane, an cinna wa dangar gidan wuta. Matarsa Kulu ta kwashe 'ya'ya zuwa gidan ƙanenta. A Gwagwarwa yanzu ba mai kiran sunansa sai da tofi.

Juma'a, 12 ga Maris

Asibiti. Idon hagu ya tafi, haƙarƙari uku sun karye. Kulu ce kaɗai a wurinsa. Shekara goma sha ɗaya a kamfani, ko mutum ɗaya bai zo duba shi ba. Na gaishe ta, ta ci gaba da fifita.

Ya gane muryata. Ya ce, "Malam Inuwa, ka fita lafiya? Na yi ta nemanka, na ce ko sun same ka."

Wallahi da zagina ya yi ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Baturen nan ya yaudare mu, ni da kai. Kada ka sa a ranka."

Na ce Allah Ya ƙara sauƙi, Baba. Na ajiye lemo na fito. A bakin ƙofa na ji yana gaya wa Kulu, "Yaron kirki ne."

Lahadi, 14 ga Maris

Amina ta ce, "Tun ran Litinin ba ka dubi idona ba." Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "To."

Litinin, 15 ga Maris

Na fita da niyyar miƙa rahoto. Ban san yadda aka yi ƙafata ta kai ni Bompai ba, wataƙila don hanyar ta fi inuwa.

Kamfani a rufe. Suna zaune gindin bishiya tsallaken titi, kamar mutum sittin, wasu da bandeji. Bala a tsakiya, an ba da belinsa. Na tsaya a gabansu, ba duro, ba komai. Na faɗa musu abin da Manaja ya ce ran Laraba, kalma bayan kalma, har da ɓarayi. Na faɗa musu abin da na kai musu a madadinsa. Na ce Baba Shu'aibu bai taɓa shiga ofishin nan ba, bai karɓi ko anini ba, abin da ya faɗa muku a bakina ya ji.

Bala ya miƙe a hankali. Ya ce, "Maimaita na ƙarshen." Na maimaita. Naushi ɗaya ya yi mini, na sami kaina a ƙasa da ɗanɗanon jini. Na jira sauran. Ba su zo ba. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Innalillahi, to mu wa muka jefa?"

Haƙori ɗaya na gaba ya tafi. Rahoton na sake shi a ofis da leɓe a kumbure, ya zama shafi huɗu, mummuna. Malam Abdullahi ya karanta a tsaye, ya ce, "Ka san abin da wannan zai ja maka?" Na ce na sani. Ya sa hannu ya tura Kaduna. Kwaɗon ma na sa shi a ciki, da fatar da ke jikin ƙofa.

Ba jarumta ba ce, kada in ruɗi kaina. Idon ba zai dawo ba. Shi kansa Baba ban faɗa masa ba tukuna, sai gobe, in na iya.

Da la'asar na bi ta asibiti. Ban shiga ba, daga bakin hanya na tsaya. Kekuna ne jingine a jikin bangon ɗakinsa, na ƙirga goma sha tara, ga wasu mutum biyu suna tahowa a ƙafa da ƙwaryar fura.